Kwamfutata ta ƙi fitar da hoto a PVM-20M4U, alhali Mega Drive tana aiki lafiya lau

Ɗanliti240:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman agaji daga masana.

Ina da monita ƙirar Sony PVM-20M4U, irin waɗanda gidajen talabijin ke aiki da su a da, mai inci 20, mashigan hoto na bayansa BNC ne. Na haɗa masa na'urar gem ta Mega Drive 2 da kebul ɗin SCART, daga nan zuwa wani kebul mai kawuna huɗu: ja, kore, shuɗi da na sink, wato siginar da ke gaya wa monita lokacin fara kowane layi da kowane hoto. Na zaɓi RGB, na danna EXT SYNC, hoto ya fito tas, da baƙaƙen layukan nan a tsakani waɗanda saboda su na nemi monitan tun farko.

Kwamfuta ce ta gagare ni. Katin hotona GTX 1060 ne, ba shi da VGA, don haka na sa adaftar HDMI zuwa VGA, sannan kebul ɗin VGA mai kawunan BNC biyar. Uku sun sami gurbinsu. Saura biyu, ɗaya an rubuta masa H, ɗaya V, shi kuwa monita rami ɗaya gare shi na sink. In na sa H, sai in ga kamar hoto biyu gefe da gefe, a karkace, yana gudu sama, monitan kuma yana wata 'yar siririyar ƙara da ba ya yi da Mega Drive. In na sa V, sai zane-zane kawai. Na rage saiti zuwa 640x480, duk kanwar ja ce. Na shiga manhajar katin na rubuta 320x240 da hannuna, ta ce ba ta yarda ba.

Sai kuma PS2, wato PlayStation 2. Da kebul ɗin SCART take ita ma, hoto yana fitowa a tsaye, amma komai kore shar.

Abin da nake so shi ne in buga tsofaffin wasanni a RetroArch, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin gem a kwamfuta, su fito kamar yadda Mega Drive ke fitowa. Shin monitan ne bai iya karɓar kwamfuta ba? An ce layi 800 gare shi, to yaya 640x480 za ta fi ƙarfinsa? Ko sai na canza kati?

Baba_Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka karanta sauran, tashi ka zare kebul ɗin kwamfutar nan daga bayan monita. Ƙarar da kake ji, ɓangaren da ke kai hasken hagu da dama ne ake tilasta wa gudun da ba a gina shi dominsa ba. Sau da yawa yakan jure na ɗan lokaci, amma transistan da ke wannan aiki in ya ƙone, samun madadinsa na gaske yanzu sai an sha wuya.

Na daɗe ina gyaran irin waɗannan a ɗakin haɗa shirye-shirye, kuma kusan kowa da ya taso da sikirin na zamani a nan yake tuntuɓe. Kana ƙidaya ɗigo-ɗigon hoto, shi kuwa monitan nan bai san wani abu wai shi ɗigo ba. Lokaci kawai ya sani. Haske ne guda ɗaya yake ja daga hagu zuwa dama, ya dawo a guje, ya sauka ƙasa kaɗan, ya sake ja, kamar mai huɗa yana bin kunya-kunya har ya kai ƙarshen gona ya koma farko. Tambayar da yake yi wa duk abin da ka haɗa masa ita ce: layi nawa zan ja a daƙiƙa ɗaya? Naka an gina shi a kan 15,734 a tsarin NTSC, ko 15,625 a tsarin PAL. Shi ne ake cewa 15 kHz. Ita kuwa 640x480 ta kwamfuta layi 31,469 take nema a daƙiƙa, ninki biyu cif. Hoto biyun da ka gani gefe da gefe ke nan: kafin ya gama jan layi ɗaya, kwamfuta ta riga ta turo biyu.

Layi 800 da aka faɗa maka wani ma'auni ne daban. Yana nufin yawan siraran layukan tsaye, baƙi da fari, da ido zai iya bambancewa a faɗin da ya kai tsayin sikirin. Kaifin hoto yake aunawa, babu ruwansa da gudun da monita ke karɓa.

Yanzu yi lissafi da kanka. Raba 15,734 da 60, za ka sami wajen 262. Iyakar layukan da za su shiga hoto ɗaya ke nan in ana sabunta shi sau 60 a daƙiƙa, kuma wajen 22 daga ciki suna tafiya a lokacin da hasken ke komawa sama. Saura 240. Gidan talabijin yakan turo 262 da rabi, wannan rabin layin shi ke sa zagaye na biyu ya faɗa a tsakanin layukan zagaye na farko, a sami 480i mai ɗan rawa. Masu ƙera na'urorin gem sai suka yar da rabin, suka riƙa turo 262 cif, kowane zagaye yana taka sawun na baya. Gurbin da aka bari ba a taɓa ba shi ne baƙaƙen layukan da kake so. Abin da Mega Drive ɗinka ke yi ke nan, kuma shi za ka koya wa kwamfuta.

To me ya sa katin ya ƙi 320x240? Layi ɗaya yana ɗaukar kusan 63.5 µs, wato kashi 63.5 cikin miliyan na daƙiƙa, kuma wajen 52 daga ciki ne hoto. In ka shimfiɗa ɗigo 320 a wannan lokaci, agogon ɗigo, wato yawan ɗigon da ake turowa a daƙiƙa, zai kama wajen 6 zuwa 7 MHz. Mega Drive tana kan 6.71. HDMI kuwa ba ta sauka ƙasa da 25 MHz. Dabarar ita ce a bar tsayin a 240, a cika faɗin da ɗigo masu yawa har agogon ya haura. Maimakon 320 sai ka ce 2560. Kowane ɗigo na wasan ya zama takwas a jere masu launi ɗaya, kuma tunda monita lokaci yake gani, faɗinsu a gilashi daidai yake da na ɗigo ɗaya na asali. An zaɓi 2560 ne domin tana rabuwa da 320 sau 8, da 256 sau 10, da 512 sau 5, da 640 sau 4, babu saura.

Sauke manhajar CRU, ka zaɓi adaftarka a jerin da ke sama, ka ƙara sabon saiti, ka cika da hannu (gaba da baya su ne tazarar da ake bari babu hoto kafin bugun sink da bayansa):

A kwance: hoto 2560, gaba 120, sink 240, baya 280, jimla 3200.
A tsaye: hoto 240, gaba 4, sink 3, baya 15, jimla 262.
Sabuntawa 60 Hz, sink biyun duka a kan negatib.

Duba ƙasan akwatin kafin ka adana. Ya kamata ka ga agogo wajen 50.30 MHz, gudun kwance 15.72 kHz. In ka ga 31, akwai inda lamba ta kauce, kada ka haɗa. Sannan a manhajar katin ka tabbata ba katin ne ke miƙa hoto ba, a bar wa sikirin, in ba haka ba zai karɓi 240 ɗinka ya mayar da ita babban saiti ya turo, kai kana zaton ka gama. Duk wannan ka yi shi a kan sikirin ɗinka na yau da kullum, PVM ya zama na biyu. Ba kowace adafta ke wuce da 15 kHz ba, wannan sai an gwada.

Saura H da V, wato sink na kwance da na tsaye. VGA tana turo su a rarrabe, monitanka kuma a haɗe yake son su a waya ɗaya. Za ka ga masu cewa a sa mahaɗin BNC mai siffar T a gama su kawai. Ni ban yarda da shi ba: ka sa mafita biyu suna ture juna, ɗaya na ja sama ɗaya na ja ƙasa. Wani lokaci hoto ya fito, amma a kan wahalar adafta. Abin da ya dace shi ne ko dai akwatin Extron irin RGB 192 ko 203 Rxi, waɗanda ke karɓar VGA su fitar da R, G, B da S a BNC, ko ƙaramin mahaɗin sink da ake ginawa a kan ayisi 74HC86. In kana riƙe ƙarfen soda, aikin yamma ɗaya ne.

Maganar PS2 na bar wa yara, sun fi ni saninta.

Ummi_RGB:

Baba ya gama magana a kan lissafi, Allah ya ƙara lafiya. Malam Ɗanliti, PS2 ɗinka lafiyarta ƙalau. Kunna ta babu faifai, ka shiga System Configuration, ka nemo Component Video Out. Za ka tarar yana kan Y Cb/Pb Cr/Pr, mayar da shi RGB. Wayoyi ukun nan guda ne take amfani da su ga tsarin biyu. In tana kan na farko, hasken hoton gaba ɗaya yana bin wayar kore ne, monita kuma yana karanta shi a matsayin launin kore. In ka sa faifan fim na DVD koren ya dawo, kada ka damu, yawancin samfuranta da gangan suke komawa wancan tsari a fim. Sannan wasannin da ke da zaɓin 480p, mai jan layi 480 duka a zagaye ɗaya, kada ka kunna shi, 31 kHz ne shi ma.

Amma Baba, da izininka, ina da ja a kan hanyar da ka ɗora shi. Za ta yi aiki, ban musa ba. Sai dai saiti ɗaya ne tak a 60 Hz, su kuwa na'urorin nan kowacce da gudunta. Super Nintendo tana kan 60.10, Mega Drive 59.92, allon CPS2 na Capcom 59.64, Neo Geo ta gidan wasa 59.19. In ka tilasta wa Neo Geo 60, ko dai wasan ya ƙara sauri da kusan kashi 1.4 cikin ɗari har kiɗan ya ɗan tashi, ko kuma a bar shi a gudunsa ka riƙa ganin hoto yana ɗan tsalle kusan kowace daƙiƙa in bango yana tafiya a kwance. Wanda ya ɗauko monita mai nauyin nan don ya ga abu yadda yake, wannan tsallen zai dame shi.

Ni abin da nake yi: tsohuwar kwamfuta daban, da tsohon katin AMD mai fitar da analog da kansa. Nawa HD 5450 ne, ko fanka ba shi da ita. Jerin HD 5000 zuwa 7000 duk suna yi, R9 380 kuma yana cikin na ƙarshe da suka zo da analog a DVI-I. A ɓangaren Nvidia jerin GTX 900 ne na ƙarshe, shi ya sa naka 1060 bai da shi. Sai ka sa direban CRT Emudriver, wanda aka gyara musamman don ya yarda da ƙananan agogo, ka yi amfani da VMMaker ya ƙirƙiro saitunan. Daga nan GroovyMAME, mai kwaikwayon na'urorin gidan wasa, ko RetroArch in ka kunna CRT SwitchRes, kowane wasa ka buɗe sai su lissafa gudunsa su sauya monita zuwa gare shi nan take. Za ka ji ɗan ƙyas, hoto ya ɗauke ya dawo, shi ke nan. Windows za ta zauna a yanayin gwaji saboda direban, da ɗan rubutu a kusurwa, wannan ba matsala ba ce.

Wani amfanin kuma 480i. Wasannin PS2 da Dreamcast a kwamfuta, da shi kansa teburin Windows, suna buƙatarta, sababbin katuna da yawa kuwa sun daina fitar da hoto mai saƙa layuka kwata-kwata. Tsofaffin nan suna yi ba gardama.

Abu ɗaya da za ka kiyaye ko wace hanya ka bi: lokacin da kwamfuta ke tashi, kafin Windows ta loda direba, 31 kHz ko fiye take turowa. Ka bar PVM a kashe ko a kan wani mashigi sai ta gama tashi. Masu katin AMD suna da ATOM-15 da ke gyara wannan a cikin katin kansa, amma taɓa BIOS ɗin kati ba abin gaggawa ba ne.

Ɗanliti240:

Baba, Anti Ummi, Allah ya saka da alheri. PS2 ta dawo daidai, minti ɗaya bai cika ba.

Kwamfuta ma ta fito. Na sami aron akwatin Extron, na cika lambobin Baba yadda suke, CRU ta nuna 15.72 kHz. Teburin Windows ya zama abin dariya, gumaka sirara kamar tsinke, amma da na buɗe RetroArch na sa faɗi 2560 tsayi 240, sai ga wasa ya cika sikirin da layukansa. Na kunna wasa ɗaya a Mega Drive da kwamfuta ina sauyawa, da ƙyar nake bambancewa. Katin AMD zan nema daga baya, yanzu dai ina so in ga iyakar wannan.

Saura abu huɗu. Na ɗaya, saman hoton, kamar faɗin yatsa, ya lanƙwashe zuwa dama. In na danna UNDERSCAN ina ganinsa sosai. Na biyu, baƙi ba ya yin baƙi, toka-toka yake, fari kuma bai kai na Mega Drive ba. Na uku, R-Type da Mortal Kombat na gidan wasa, ko dai sama da ƙasa su yanke, ko in na matse su layuka su riƙa ɓacewa. Na huɗu, ina da Nintendo Switch, ko akwai yadda za ta shiga? Na kuma ga ana maganar wani ɓoyayyen menu na masu gyara da ake daidaita girman hoto da shi, in shiga?

Baba_Injiniya:

Madalla. 'Yata Ummi ta faɗi gaskiya a kan gudun wasanni, ni na ba ka abin da za ka fara da kayan da ke hannunka ne.

Fara da na biyu don ya fi sauƙi. HDMI tana da ma'auni biyu na haske: cikakke daga 0 zuwa 255, da taƙaitacce daga 16 zuwa 235 wanda aka gada daga talabijin. Katin ya ɗauki adaftarka a matsayin talabijin, yana turo taƙaitacce, ita kuma tana fassara shi a matsayin cikakke. Baƙinka ya tsaya a 16, farinka a 235. Shiga manhajar katin, wajen saitin launi na wannan sikirin, ka mayar da shi Full. Kada ka taɓa maɓallin haske na monita don gyara wannan, za ka ɓata wa Mega Drive nata.

Tunda muna kan haske, leƙa bayan monitan. Kowane mashigi yana da IN da OUT. Siginar hoto 0.7 V ce a kan nauyin 75 ohm, kuma irin naka yana sa wannan nauyi da kansa muddin babu komai a OUT. Da zarar ka soka kebul a OUT sai ya janye, yana zaton na'urar gaba za ta ɗauka. Na sha zuwa duba monita da aka ce ya lalace, fari ya ƙone, fuskokin mutane sun zama fara fat, in tarar da guntun kebul yana lilo a OUT ba a haɗa shi da komai ba. A zare shi, hoto ya dawo. Manyan monitocin Sony ƙirar BVM kuwa sai ka toshe OUT da murfin 75 ohm da hannunka.

Lanƙwasar sama daga sink take. A cikin monita akwai da'irar da ke bin bugun H tana daidaita gudunta da shi, layi bayan layi. A layuka ukun da bugun V ke wucewa, in mahaɗin sink ya haɗiye bugun H ko ya gusar da shi, da'irar takan ɗan saki hanya, sai ta ɗauki layuka da dama kafin ta dawo. In hoto ya fara kafin ta gama dawowa, ka ga lanƙwasa. Siginar gidan talabijin tana da 'yan tsaga-tsaga a cikin bugun V musamman don kada a rasa ƙidaya. A jikin akwatin Extron akwai ƙananan makunnai, nemi wanda aka rubuta SERR ka juya shi, in akwai DDSP shi ma gwada shi, ɗaya bayan ɗaya kana kallon sama. In bai tafi duka ba, koma CRU ka rage gaba na tsaye zuwa 3, ka ƙara baya zuwa 16, jimla tana nan 262. Ka ba da'irar ƙarin layi ɗaya ke nan. Kuma yawancin wasannin Mega Drive da Super Nintendo layi 224 ne, takwas na sama baƙi ne, lanƙwasar za ta ɓuya a ciki. Masu BVM suna da VCR MODE a menu saboda irin wannan.

Na uku ba lalacewa ba ce, lissafin ɗazu ne ya dawo. R-Type layi 256 ne, Mortal Kombat 254. Ba za su shiga 240 ba. Masu ƙera su sun san gudun kwance ba ya motsi sosai, sai suka rage sabuntawa: R-Type tana kan 55 Hz, Mortal Kombat wajen 54.7. Raba 15,720 da 55 ka ga, wajen layi 286, ga wuri ya samu. Don haka sai ka yi musu saiti nasu: hoto 256, gaba 6, sink 3, baya 21, jimla 286, a 55 Hz. Ga R-Type, mai faɗin 384, 3840 ta fi 2560 dacewa domin tana rabuwa sau 10 cif, sai dai lambobin kwance duka za su ƙaru da rabi. Abin lura shi ne monitanka gida biyu ya sani, na 50 da na 60, kowanne da tsayin hoton da aka ajiye masa. 55 tana tsakiya. Zai kama ta a ɗaya daga ciki, hoto ya fito ko a ɗan matse ko ya ɗan wuce baki. In ya wuce, UNDERSCAN zai nuna maka duka.

Ɓoyayyen menu kuwa, amsata a'a, ba yanzu ba. Mega Drive da PS2 suna zaune daidai, ashe monita ba shi da laifi. In hoton kwamfuta ya karkata hagu, ƙara lambar baya ta kwance ka rage ta gaba daidai gwargwado, jimla kada ta canza. In ya yi dama, akasin haka. In faɗi ya yi yawa ko kaɗan, Extron ba zai gyara ba, jimlar kwance za ka taɓa, CRU ta sake lissafa agogo, kai dai idonka a kan 15.7. Ranar da dole ta sa ka shiga wancan menu, ɗauki biro ka rubuta kowace lamba kafin ka canza ta. Murfin baya kuma bar shi a rufe. Akwai fiye da volt 20,000 a jikin tulun gilashin, kuma yakan riƙe caji bayan an zare wuta.

Sarkin_Linux:

Ga wanda zai zo nan yana kan Linux, lambobin Baba a layi ɗaya:

xrandr --newmode "2560x240" 50.304 2560 2680 2920 3200 240 244 247 262 -hsync -vsync

Sai --addmode a kan mafitar da adafta take. A ƙarƙashin X11 ke nan. Wanda ba ya son wahala ya duba GroovyArcade, wani Linux ne da aka riga aka haɗa masa komai.

Malam Ɗanliti, Switch ba ta sauka ƙasa da 480p, ba ta kuma barin ka rubuta saitinka. A monitanka sai da na'urar rage hoto a tsakani. Mai sauƙin samu ita ce allon GBS-8200 da aka sa wa GBS-Control: Switch a kan 480p, adafta zuwa VGA, GBS ta mayar 240p. Wasannin da aka zana da manyan ɗigo suna kyau, amma rubutun menu na sababbin wasanni ba zai karantu ba, rabin layukan sun tafi. Kuma hoton Switch mai faɗi ne, sai ka danna 16:9 a gaban monita. Masu karɓar 480p da 720p da 1080i kai tsaye su ne irin PVM-20L5 da BVM-D24.

Ummi_RGB:

Kafin ka ci gaba da juya lambobi da ido, sauke 240p Test Suite. Kyauta ce, akwai ta Mega Drive, akwai ta Super Nintendo da wasunsu. Buɗe ta Mega Drive a RetroArch, ka sa hoton raga, shi zai nuna maka ko gefe ya yanke da inda tsakiya take. Akwai gwajin bango mai tafiya, a nan za ka ga tsallen da na faɗa maka da idonka, ka yanke wa kanka hukunci a kan katin AMD. Sai sandunan launi: a RGB maɓallan CHROMA da PHASE ba sa aiki, don haka BLUE ONLY ba zai ba ka abin juyawa ba, amma sandunan toka za su nuna maka ko gyaran Full ɗin ya zauna. Ya kamata ka bambance kowace sanda tun daga mafi duhu.

Sannan tunda yanzu kana da Extron, kula da wannan. Sink ɗin da ke fita daga gare shi mai ƙarfi ne, matakin TTL, yana iya kaiwa 5 V. Ramin EXT SYNC na PVM ɗinka yana ɗauka. Amma ranar da ka sayi akwatin sauya SCART don ka daina zare kebul tsakanin Mega Drive da PS2 da kwamfuta, kada ka tura wannan sink cikinsa haka nan. Kayan SCART ƙasa da 1 V suke tsammani. Ana sa resista 470 ohm a jere a kan wayar sink, ita da 75 ohm na ciki su raba ƙarfin ya sauko.

In kuma Super Nintendo ta shigo hannunka, duba ko NTSC ce ko PAL kafin ka sayi kebul. Fil na 3 a bayan ta NTSC sink ne, a ta PAL kuwa 12 V ne ke fitowa ta wurin, kuma kebul ɗin NTSC mai ɗaukar sink daga wannan fil zai kai wutar kai tsaye cikin ramin EXT SYNC.